ƘWARI MASU ƁAWO A LAMBU: YADDA AKE GANE SU DA YADDA AKE MAGANINSU

Sau da yawa mai lambu yakan ga ganyen lemonsa ya soma yin rawaya yana kakkaɓewa, rassa suna bushewa tun daga ƙarshensu, sai ya ɗauka ƙishirwa ce ko rashin taki. Ya ƙara ban ruwa, ya zuba taki, amma bishiya ba ta farfaɗo ba. To, kafin ya sake kashe ko kwabo, ya kamata ya juya bayan ganyen ya duba da kyau. In ya ga wasu ƙananan abubuwa kamar ɓamɓaroki sun manne a jikin ganye ko reshe, masu launin ƙasa-ƙasa, ko ja, ko fari, waɗannan ƙwari ne masu rai, ko da yake ba sa motsi.

Kamanninsu

Iri uku aka fi gamuwa da su a ƙasar nan. Akwai masu taurin ɓawo, waɗanda girmansu bai wuce ƙwayar gero ba, sun fi son lemo da mangwaro da dabino. Akwai masu taushin jiki, sun ɗan fi na fari girma, suna da tudu kamar rabin ƙwayar dawa, ana ganinsu a gwaiba da lemo da furannin ado. Na uku su ne masu farin gari, waɗanda kan taru a hammatar ganye da ƙarshen toho kamar an watsa ɓarɓashin auduga. Su ne ke addabar rogo da gwanda da abarba.

Dukkansu sana'arsu ɗaya ce. Kowanne yana da baki siriri kamar allura wanda yake sokawa cikin shuka yana tsotsar ruwanta dare da rana. Masu taushin jiki da masu farin gari suna fitar da wani ruwa mai zaƙi da danƙo, irin darɓar da manoma suka sani a dawa. A kan wannan ruwa ne wani baƙin abu kamar kunkunniya ke tsirowa, ya rufe ganye, ya tare masa hasken rana. Saboda haka duk bishiyar da ganyenta ya yi baƙi, kuma tururuwa ke hawa da sauka a gindinta, a tuhume ta.

Tururuwar nan ba ziyara take zuwa ba. Ruwan zaƙin take sha, ita kuma ta biya da gadi: tana korar duk ƙwaron da ya zo cin waɗannan ƙwari, kamar yadda makiyayi ke tsaron garkensa.

Dalilin da feshi kan kasa

Macen mai taurin ɓawo, da zarar ta kafa bakinta, ba ta sake tashi har ta mutu. A ƙarƙashin ɓawon take samun 'ya'ya, kuma ɓawon yana kare ta daga yawancin magungunan feshi. 'Ya'yan ne ke yawo, su ma na kwana ɗaya ko biyu, kafin su zauna su yi nasu ɓawon. A wannan ɗan lokaci ne suke tsirara, kuma a lokacin ne iska ke ɗaukarsu daga bishiya zuwa bishiya. Wanda ya fesa magani mai ƙarfi ba tare da dubawa ba, galibi yakan kashe abokan gabar ƙwarin ne, su kuwa suna nan lafiya cikin sulkensu. Bayan 'yan makonni sai su ninka yadda suke.

Akwai gwaji mai sauƙi. Mai lambu ya kankare 'yan kaɗan da farce. In ya ga danshi a yatsansa, suna da rai. In sun marmashe kamar dusa, sun riga sun mutu. In kuwa ya ga ɗan rami zagayayye a bayan ɓawon, alama ce wani ƙanƙanin ƙwaro dangin zanzaro ya yi ƙwai a ciki, ɗansa ya cinye mai ɓawon ya fice. Lambun da ake ganin irin waɗannan ramuka da yawa ba ya bukatar guba.

Nijeriya ta ga amfanin wannan ɗan ƙwaro da idonta. A 1979 mai farin gari na rogo, wanda asalinsa daga Kudancin Amurka yake, ya ɓulla a ƙasar nan, har wasu gonaki suka yi asarar kashi 80 cikin ɗari na amfaninsu. Masana na cibiyar binciken aikin gona ta IITA da ke Ibadan, ƙarƙashin jagorancin Dokta Hans Herren, suka kawo abokin gabarsa daga can mahaifarsa, suka sake shi a 1981. Cikin 'yan shekaru ya bazu, annobar ta lafa ba tare da manomi ya sayi magani ba.

Abin da za a yi

Rigakafi yana farawa ne tun wajen sayen dashe, domin a jikin dashe da itacen rogo ƙwarin nan suka fi shiga sabon lambu. A duba kowane ganye kafin a biya kuɗi. Bayan haka a riƙa zagaya lambu mako-mako, musamman da rani, lokacin da babu ruwan sama mai wanke su.

Reshen da ya kamu ƙwarai a sare shi a ƙone, kada a jefar da shi a gindin bishiya. A rage rassan da suka cunkushe don iska da rana su shiga. Ƙananan shuke-shuke kuwa ana iya goge su da tsumma ko tsohon buroshin haƙori da ruwan sabulu. Don tare tururuwa, a naɗe gindin bishiya da leda mai faɗin tafin hannu, a shafa giris a kan ledar, ba a jikin itacen ba, kuma a datse duk reshen da ya taɓa ƙasa ko katanga.

In abin ya fi ƙarfin hannu, a haɗa awo huɗu na man gyaɗa da awo ɗaya na sabulun ruwa, a girgiza har ya yi fari kamar madara. A zuba babban cokali ɗaya na wannan haɗi cikin lita ɗaya ta ruwa, a fesa har ya jiƙe bayan ganye da rassa. Man yana toshe wa ƙwarin numfashi ne, don haka wanda bai taɓa ba, bai kashe ba. A yi feshin da yamma liƙis, kada a yi shi cikin zafin rana ko a kan shuka mai jin ƙishirwa, domin zai ƙona ganye. A fara gwadawa a reshe ɗaya, a jira kwana biyu. A maimaita bayan kwana 7 zuwa 10, sau biyu ko uku, don a riski sababbin 'ya'yan da suka fito.

Matattun ƙwarin sukan daɗe a manne, saboda haka a duba sabon toho: in ya fito da tsabta, magani ya ci. In kuwa har yanzu suna ƙaruwa, mai lambu ya yanki reshe ɗaya, ya ƙulle shi cikin leda, ya kai wa malamin gona na yankinsa kafin ya sayi wani magani a kasuwa.