Darasi: Yadda Ake Ratsa Rairayi da Mota

Duk mai bin hanyoyin ƙauye tsakanin Boko da Kusada da Kankiya ya san rairayi. Da kaka za ka ga a-kori-kura ta ɗauko buhunan gero ta kafe a tsakiyar hanya. Wani lokaci ma mai naƙuda ce a ciki, za a kai ta asibiti. Saboda haka wannan darasi na direba ne, kuma na fasinja masu turi ne.

Me ke sa mota ta kafe? Taya mai iska da yawa tauri gare ta, sai ta yanka rairayi ta nutse. In an rage iskar, sai ta baje ta hau bisansa. Ka dubi ƙafar raƙumi, faɗinta ne ke hana ta nutsewa. To, kafin a shiga rairayi mai zurfi, direba ya tsaya ya rage iska. Idan awon mai faci ya nuna 30, a dawo da ita wajen 20. Amma da an hau kwalta a mai da iskar, domin taya mai ƙarancin iska takan yi zafi ta fashe in an yi gudu.

A shiga da giya ta biyu, a bi sawun motocin da suka wuce. Kada a canja giya a tsaka, kada a danna birki da ƙarfi. Sammako ya fi, don rairayin safiya ya fi na rana riƙe taya.

In ta kafe fa? Nan ne direbobinmu ke yin kuskure. Sai su yi ta ba ta wuta, taya tana haƙa wa kanta rami, har cikin motar ya zauna a ƙasa. Haba malam! Ɗaga ƙafarka daga totur. Fasinja su sauka, a rage kaya. A kwashe rairayin bayan taya da shebur ko fartanya, a shimfiɗa karan dawa ko tsohuwar tabarma. Sannan a ja da baya sannu a hankali ta inda aka shigo. In za a sa jak, a ɗora shi kan katako mai faɗi. Masu turi su kauce wa saitin taya, kara yakan fallo ya ji wa mutum rauni.

Da damina kuwa, kada a shiga busasshen rafi in hadari ya haɗu. Ruwan da aka yi a wani gari yakan iso ba sallama, ya tarar da mota a kafe.