Shela da Kasuwa: Darasi a Kan Wayar Hannu

A da, in Gwamnati tana da magana da mutanen Danchadi, sai ta aiko da majigi, ko hakimi ya sa a yi shela. Mutum ɗaya ke faɗi, saura suna saurare. Yau kuwa, kafin manzo ya taso daga Bodinga, labari ya riga ya shiga wayoyin samari, ya kai Shagari, an yi masa ƙari.

Kuskuren hukuma shi ne ta ɗauki waya tamkar shela, alhali kuwa kasuwa ce, kowa da bakinsa.

Ga misali. Ran 2 ga Yuni 2021 kamfanin Twitter ya goge wani saƙo na Shugaba Muhammadu Buhari. Ran 4 ga watan Gwamnatin Tarayya ta sanar da dakatar da kamfanin, a kan Twitter ɗin kuwa ta buga sanarwar. Mutane da yawa suka bi ta ɓarauniyar hanya, watau VPN, suka ci gaba da zancensu. Ma'aikatun Gwamnati ne suka yi shiru, jita-jita ta rasa mai amsa mata. Sai ran 13 ga Janairu 2022 aka buɗe.

Abubuwan lura uku ne:

1. Toshe hanya ba ya sauya ra'ayin mutum.
2. Lalle ne ma'aikaci ya amsa ƙarya tun da zafinta, da Hausa, da hujja.
3. Wanda saƙo ya zo wa, ya binciki tushensa kafin ya tura wa wani, gama ramin ƙarya ƙurarre ne.