Halittun da Ke Cikin Ƙasar Gona

Manoma a Damri da sauran garuruwan ƙasar Bakura sukan ce gona ta gaji, ko kuwa ta mutu. Maganar nan gaskiya ce fiye da yadda masu faɗinta suke zato, gama ƙasar noma abu ce mai rai. A cikin ɗan ƙaramin cokali guda na ƙasa mai kyau akwai ƙananan halittu fiye da miliyan 100, ba a ganinsu sai da madubin likita. Su ne ke ruɓar da kara da ganye da kashin dabbobi, su mai da su abincin da saiwa za ta iya sha. Galibinsu suna zaune ne a ƙasar sama, wadda zurfinta bai fi taki ɗaya na hannu ba.

Don haka ne aikin Bakalori ya shafi wannan zance. Da aka gama madatsar ruwa a kan gulbin Sakkwato a 1978, an sare itatuwa, an baje filaye da katafila a ƙasashen Talata Mafara da Bakura da Maradun, don ruwa ya bi ko'ina daidai. To, duk inda aka kankare ƙasar sama, an kwashe ta ne tare da halittunta. Irin wannan fili yakan sha takin zamani buhu-buhu, amma ba ya komawa yadda yake sai an yi shekaru ana zuba masa takin gida.

Waɗanda suka fi sauƙin ganewa su ne masu zama a saiwar wake da gyaɗa da waken suya. Kowane hakimi yana iya nuna wa talakawansa su in ya fita rangadi. A tono wake lokacin da ya fara fure, a wanke saiwar a hankali, za a ga waɗansu 'yan gudaji manne da ita. A fasa ɗaya da farce. In cikinsa ja-ja ne, to, halittun suna aiki, watau suna ɗauko naitirojin daga iska suna ba shuka, ita kuwa tana ciyar da su. In fari ne ko kore, ba su aikin kome. Masana biyu na Jamus, Hellriegel da Wilfarth, su suka tabbatar da wannan a 1886, amma Hausawa sun daɗe kafin nan suna shuka wake a tsakanin gero da dawa. Naitirojin ɗin nan shi ne dai wanda ake saye da tsada a buhun yuriya.

Sai dai kada a ruɗe. Manomin da ya roro wake, ya kwashe harawa ƙaf ya kai kasuwar Talata Mafara, bai bar wa gonarsa abin kirki ba. Harawar ta shiga cikin tumakinsa, kashinsu ya koma gona, nan ne riba take. Har wa yau halittun ba su aiki sosai a ƙasar da ta rasa fosfaras, saboda haka ɗan takin sufa lokacin shuka ya fi wa gyaɗa amfani da yuriya nesa ba kusa ba.

Gawo ma dangin wake ne, irin halittun nan suna saiwarsa. Yakan zubar da ganye da damina, ya bar wa gero hasken rana da taki. Manoman jihar Maraɗi sun koma barin tohonsa da na sauran itatuwa a gonaki tun shekarun 1980, har filayen da suka zama fako suka sake ba da amfani.

Wani abin da ke cutar halittun shi ne wutar sharar gona. Naitirojin yana bin hayaƙi, toka kaɗan ta rage, su kuwa a bar su da yunwa. A fadama kuma, ruwan da ya kwanta babu magudana yakan hana ƙasa iska, sa'an nan waɗansu halittu dabam su mai da takin da aka zuba ya zama iska ya tashi. Yashe magudanai kafin noman rani ya fi ƙara buhu arha.

Akwai kuma tsohuwar al'ada ta saukar da makiyaya a gona bayan girbi, shanu su ci kara su bar taki. Inda zaman lafiya ya yarda a yi haka, ya kamata a ƙulla sharaɗin a gaban dagaci ko hakimi, malaminsa ya rubuta sunan mai gona da na mai shanu, da yawan kwanakin da za a yi, da abin da za a bayar, a tabbata kuma an kwashe wake da auduga kafin garke ya shiga.