Keke Bakwai, Mahayi Ɗaya

Karatu: Luka 12:13-21, Farawa 41:46-57

Ya ɗan'uwa mai karatu, wataƙila ka san irin dattijon nan, ko kuwa kai ne shi. Tun yana saurayi yake son keke. Na farin da ya saya Raleigh ne, baƙi, mai gidan sarƙa, irin wanda a dā in mutum ya shiga ƙauye a kansa yara sukan bi shi da gudu. Da babura suka cika gari mutane suka fara yar da tsofaffin kekunansu, shi kuwa ya shiga saye. Yau Raleigh na Ingila, gobe Phoenix na ƙasar Sin, jibi wani marar suna wanda amon ƙararrawarsa kaɗai ya ja shi. Yanzu guda bakwai ne a ɗaki ɗaya. Gwiwa ta ƙi, ba ya iya hawan ko ɗaya. Matarsa tana son ɗakin saboda jikoki. 'Ya'yansa ba su ce kome ba, amma ya sani ran da ya rufe ido, 'yan gwangwan ne za su ɗora su a sikeli.

Son keke ba zunubi ba ne, tara abin tarihi kuma ba laifi ba ne. Tambayar da ke gabanmu ita ce: domin wa ake ajiyar?

Karatunmu ya nuna mana mutum biyu, kowa da rumbunansa. Yusufu ya tara hatsin Masar shekara 7, har aka daina aunawa don yawa. Mai arzikin da Ubangiji Yesu ya ba da misalinsa shi ma gonarsa ta yi albarka, ya yi shirin rushe rumbunansa ya gina manya. Ka lura, aikinsu iri ɗaya ne. Ba wanda ya yi sata a cikinsu. Bambancin yana bakin ƙofar rumbu. Da yunwa ta zo Yusufu ya buɗe (Farawa 41:56), har 'yan'uwan da suka sayar da shi suka ci. Mai arzikin kuwa, ka sake karanta aya 17 zuwa 19 ka ƙidaya sau nawa ya ambaci kansa, sa'an nan ka nemi sunan maƙwabci ko ɗaya. Babu. A daren nan Allah ya kira shi wawa, ya kuma tambaye shi wanda zai gāji kayan. Kada ka manta, abin da ya jawo misalin ma rikicin gādo ne tsakanin wa da ƙane.

Akwai wani wuri a ƙasar Sudan da yake taimaka mana mu gane irin ajiyar Yusufu. Wajen kilomita 40 kudu da Khartum, a Jabal Awliya, akwai madatsar ruwa a kan Farin Kogin Nilu, wadda aka gama ginawa a 1937. Ko da yake a Sudan take, domin Masar aka yi ta. Lokacin da kogi ya cika sai a tare ruwan, in rani ya yi kogi ya janye sai a buɗe ƙofofi, ruwan ya gangara ya ratsa tsakanin Khartum da Omdurman ya tafi gonakin Masar. An tare shi ne domin a sake shi. Da za a rufe ƙofofin har abada, da madatsar ba ta da amfani. Wani abin lura kuma, bayan da Masar ta gama babbar madatsar Aswan a 1970, ba ta ƙara bukatar ta Jabal Awliya kamar dā ba, sai ta miƙa ta ga Sudan a 1977. Ashe har ƙasa takan san lokacin da abu ya gama yi mata aiki. Mai Hadishi 3:6 ya koya mana cewa ajiya tana da lokacinta, rabuwa da abu ma haka.

A wannan yanki ne kuma yaƙi ya ɓarke ran 15 ga Afrilu, 2023. Kafin shekarar ta ƙare faɗa ya kai Jabal Awliya. Mutane miliyoyi suka bar gidajensu a Sudan, kowa da abin da hannunsa zai iya ɗauka. Man fetur ya yi wuya, amalanken jaki da keke suka zama abin nema. Da yawa da suka koma Khartum a 2025 sun tarar an kwashe gidajensu sarai. Ba mu ce sun fi mu zunubi ba, Ubangiji ya hana mu irin wannan tunani (Luka 13:1-5). Amma ka yi tunani, a irin ranar nan keke ɗaya mai iska a taya ya fi bakwai da ke rataye.

Gama keke ba ya son zama. Tayar da ba a hawa takan tsattsage, sarƙa ta yi tsatsa ta ƙage, sirdi ya bushe. Mannar da Isra'ilawa suka ɓoye har safiya ta yi tsutsa (Fitowa 16:20). Abin da kake tsammani kana adanawa, a hankali yake lalacewa a hannunka.

Na sani ba ƙarfen ne yake riƙe zuciyarka ba. A kan wannan ka kai amaryarka masujada. Wancan irin na mahaifinka ne, in ka taɓa shi kamar ka ji muryarsa. Wannan ba abin kunya ba ne, Allah kuwa ya san shi. Amma tunawar tana cikinka, ba za ta bi keken ta fita ba. In ma ka ba da shi tare da labarinsa, mutum biyu ke nan suka san labarin.

To, ka shiga ɗakin nan a makon nan. Ka zaɓi guda ɗaya, wanda ya fi nauyi a zuciyarka, ka riƙe shi ba tare da jin laifi ba. Sauran ka kai wa mai gyara ya sa musu mai, ya yi faci, ya ɗaure birki, gama ba kyau ka ba mutum kaya ya zame masa wahala. Sa'an nan ka tambayi fastonka. Akwai mai bishara a ƙauye da yake taka sawu zuwa masujada uku kowace Lahadi. Akwai ɗan gwauruwa da yake makara a makaranta kullum. Akwai maƙwabcinka Musulmi mai kai kayan miya kasuwa a ka. Wanda yake da daraja a wurin masu sha'awar kayan dā, ka sayar da shi da kuɗinsa na gaskiya, ka shawarta da matarka inda kuɗin za su tafi. Ka kuma kira 'ya'yanka su ga rabon da idonsu tun kana da rai. Ɗakin kuwa a share shi, a shimfiɗa wa jikoki tabarma.

Abin addu'a: Ka tuna da mutanen Jabal Awliya, Khartum da Omdurman, da ikilisiyoyin da yaƙi ya warwatsa, da Hausawa masu yawa da suke zaune a Sudan tun zamanin kakanni. Ka roƙi Allah ya ba ƙasar salama, ya kuma nuna maka sunan mutumin da keke na farko zai tafi wurinsa.