Kada Mu Nome Tsiron Darbejiya

'Yan'uwa manoma, yanzu da damina ta kankama, in mun duba gindin darbejiya za mu ga 'yan tsire-tsire birjik. Ba wanda ya shuka su. 'Ya'yan ne suka zuba, waɗansu kuwa tsuntsaye da jemagu suka yar. Da yawanmu mukan nome su tare da ciyawa, rani ya yi mu rasa inuwa, matanmu su yi tafiya mai nisa neman itacen wuta. Ko an bar su a wurin ma ba za su girma ba, gama uwar ta tare musu rana.

Darbejiya, wadda ake kira dogon yaro ko maina, asalinta daga wajen Indiya ne. Tana jure fari ƙwarai. A kwarin Majiya na ƙasar Nijar an soma dasa ta layi-layi a 1975 don tare iskar da ke kwashe ƙasar gona. Amma irinta ba ya ajiyuwa, bayan 'yan makonni ya daina tsira. Saboda haka tsiron da ya fito da kansa ba abin yarwa ba ne.

Ga yadda za mu dasa shi:

1. Mu yi dashe daga Yuli zuwa tsakiyar Agusta, da yamma, bayan an yi ruwa. Dashen ƙarshen damina da wuya ya ƙetare rani.

2. Mu fara haƙa rami, zurfin ƙafa 1 da rabi. Mu gauraya ƙasar da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yakan ƙone saiwa.

3. Mu zaɓi tsiro mai tsawon inci 6 zuwa 9. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

4. Kada mu tumɓuke shi da hannu. Yana da doguwar saiwa, in ta tsinke zai sha wuya. Mu tono shi da ƙasarsa, mu kai shi rami nan da nan.

5. Mu binne shi daidai inda ƙasa ta tsaya masa a da, mu danne, mu rage ganyen ƙasa, mu ba shi ruwa.

6. Mu kewaye shi da ƙaya saboda awaki. Mu bar tazarar ƙafa 12 tsakani, nesa da bangon ɗaki da rijiya.

Wurin darbejiya shi ne bakin gona, bakin hanya da filin majami'a, ba tsakiyar gona ba, gama inuwarta takan danne hatsi. Tsiron gawo kuwa, in ya fito a gona, kada mu taɓa shi. Ba ya son dashe. Mu kafa masa sanda, mu nome kewaye da shi.

A taron ƙungiya na wannan wata, bari kowa ya ɗauki alkawarin dasa 5. Magatakarda ya rubuta sunaye. In bazara ta yi, mu zaga tare mu ƙirga waɗanda suka rayu.