Idan babi na biyu ba na ɗalibi ba ne

Wata malama da ke koyarwa a wata kwalejin ilimi ta rubuto cewa an ba ta 'yan ajin ƙarshe ta duba musu kundin kammala karatu, sai ta tarar babi na biyu na yawancinsu kwafe yake daga intanet. Wasu ma tsohon kundi suka sayo a shagon kwamfuta, suka sauya suna da shekara. Ta ce in ta kayar da su duka za a ce ta cika zafi, in ta kau da kai kuma ta ci amana. Tana neman mafita.

Malama, ki fara da raba su gida biyu. Wanda ya sayi kundi sukutum ya san abin da ya aikata, dokar makaranta ce za ta yi aiki a kansa. Amma wanda ya tsinto sakin layi nan da can ya harhaɗa, sau da yawa bai san ya yi laifi ba. Tun yana firamare ake ba shi maki idan ya mayar wa malami abin da aka rubuta a allo kalma da kalma. Ya zo babbar makaranta, aka sayar masa da takardun darasi, ya haddace, ya ci jarrabawa. Sai a shekarar ƙarshe aka ce masa wannan ɗabi'ar sunanta satar fasaha. Kwas ɗin amfani da laburare kuwa tun a ajin farko aka yi shi, a zauren da ya cika maƙil, aka gama bai taɓa kantar littafi ba. Mu malamai ma da namu: takardun darasi nawa ne muke rabawa waɗanda babu manazarta ko ɗaya a ƙarshensu?

Ki je wurin ma'aikacin laburarenku ki nemi ya ba ki awa biyu, ki shiga da ɗaliban ƙafa da ƙafa, kowa riƙe da batun bincikensa. Su koyi karanta lambar da ke jikin littafi. A tsarin Laburaren Majalisar Dokokin Amurka, wanda jami'o'inmu da yawa ke bi, harafin L na ilimi ne, S na aikin gona, tarihin Najeriya kuma yana ƙarƙashin DT515. Ɗalibin da ya gano littafi ɗaya ya dubi na damansa da na hagunsa, yawanci a kan batu guda suke. Daga nan a nuna musu sashen mujallu, da yadda ake bincike a Google Scholar da AJOL, rumbun mujallun Afirka, da DOAJ, inda ake samun mujallun da karanta su kyauta ne. Makarantu da dama suna da rajista da Research4Life, wata kafar samun mujallu, lambar shiga tana hannun ma'aikacin laburare, amma ba mai tambaya. Wanda aikinsa ya shafi tarihi ko adabi ki tura shi Arewa House ko Ma'ajiyar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna, ko ya nemi tsofaffin bugun Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939.

Inda aikin yake shi ne tantance abin da aka samo, kuma a nan ɗalibanki suna da gadon da ba a cika tuna musu da shi ba. Duk wanda ya zauna a Islamiyya ya san ba a karɓar hadisi sai an san wa ya ruwaito, daga wa ya ji, mutumin kirki ne, haddarsa tana da kyau. Malaman hadisi sun rubuta littattafai kan tarihin maruwaita kaɗai. Ki ce su yi wa kowace madogara irin wannan tambayar: wa ya rubuta, mene ne saninsa a fannin, ina aka buga, yaushe, shi kuma daga ina ya ɗauko. Sai ki ba su aiki guda: kowa ya zaɓi adadi ɗaya daga babinsa, misali yawan yaran da ba sa zuwa makaranta, ya bi sawunsa har tushe. Zai ga shafin intanet ya ɗauko daga jarida, jaridar ta ɗauko daga jawabin wani jami'i, jami'in kuma bai faɗi inda ya samo ba. Wanda ya taɓa bin irin wannan sawu ya tarar da wayam, ba zai ƙara rubuta "bincike ya nuna" haka kawai ba.

Kada kuma su ɗauka duk abin da ake kira mujalla abin dogaro ne. Akwai waɗanda kuɗi kawai suke karɓa, su buga maƙala cikin 'yan kwanaki ba tare da wani masani ya duba ba. Jeffrey Beall, wani ma'aikacin laburare a Jami'ar Colorado, ya yi shekaru yana tara sunayen irinsu kafin ya sauke jerin a 2017. Manya ma sukan yi tuntuɓe: mujallar The Lancet ta buga maƙalar Andrew Wakefield da ta danganta rigakafin ƙyanda da cutar galahanga a 1998, sai a 2010 ta janye ta. Ga kuma sabuwar fitina. ChatGPT da ire-irensa sukan ƙago sunan marubuci da na littafi da shekara, su jera tsaf, alhali babu su a duniya. A 2023 wata kotu a New York ta ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun kafa hujja da shari'o'in da manhajar ta ƙirƙiro. Maganin wannan mai sauƙi ne: duk abin da ɗalibi ya sa a manazarta, ya kawo miki hoton shafinsa na farko da na shafin da ya ɗauko maganar.

Yawancin satar ana yin ta ne tun lokacin ɗaukar bayanai. Ɗalibi ya kwafe jimla a wayarsa bai rubuta mai ita ba, bayan wata biyu shi kansa ya ɗauka tasa ce. Ki sa kowa ya sayi littafin rubutu, ya ja layi a tsakiyar shafi. A gefe ɗaya maganar marubuci cikin alamar zance, da sunansa da shekara da lambar shafi. A ɗaya gefen abin da shi ɗalibin ya fahimta, wanda zai rubuta bayan ya rufe littafin. In ya kasa, ya faɗa miki da baki, da Hausa. Wanda bai iya bayyana sakin layi da harshensa ba, bai gane shi ba tukuna. Ki fayyace musu cewa sauya kalma biyu ko uku ba ya mayar da magana ta zama tasu, haka ma fassara ta daga Turanci zuwa Hausa. Ko dattijon da aka yi hira da shi yana da haƙƙin a ambaci sunansa da wuri da ranar hirar.

Kada ki jingina kacokan da Turnitin, manhajar binciken kwafe. Kamanni take nunawa, ba ta yanke hukunci, kuma kundin da aka kwafo daga kantar wata makaranta, wanda ba a taɓa sa shi a kwamfuta ba, ba za ta gan shi ba. Abin da ya fi ta aiki shi ne batu ƙarami na kusa da gida. "Matsalolin ilimi a Najeriya" an rubuta shi sau ba adadi, ana sayar da shi a kowane shago. Amma dalilin da 'yan mata ke barin aji shida a makarantu uku na gundumar ɗalibin, dole ya je ya tambayo.

Waɗannan da ke hannunki yanzu kuwa, ki mayar wa kowa babinsa, ki ja layi ƙarƙashin wuraren da aka kwafo, ki ba su mako uku. Su fara kawo madogara biyar da littafin bayanansu kafin su rubuta ko layi ɗaya. Ranar da suka dawo da babin, ki zauna da kowa minti biyar, ki buɗe shafi ki ɗora yatsa a kan jimla ki ce, "Wannan wa ya faɗa, kuma kai ka yarda da shi?" Ki sanar da shugaban sashe a rubuce tun kafin ki fara, domin wanda ya sake kawo kwafe bayan wannan dama, maganarsa ta koma gaban kwamiti.