Jan ƙarfe a cikin tabkin Abijan

Birnin Abijan, a ƙasar Kwaddibuwa, yana bakin wani dogon tabki mai suna Ebiriye. A shekarar 1950 aka buɗe mashigin Biridi, wanda ya haɗa tabkin da teku. Tun daga lokacin manyan jiragen ruwa suke shigowa har cikin gari.

Ana shafa wa gindin jirage fenti mai jan ƙarfe don kada gansakuka da ƙananan halittu su manne. A hankali fentin yana sakin jan ƙarfen cikin ruwa. Manoman koko ma suna fesa maganin da ke da jan ƙarfe, ruwan sama ya wanke shi zuwa kogi. Ga kuma dattin masana'antu.

Kowace halitta tana bukatar jan ƙarfe ɗan kaɗan. In ya yi yawa, ya zama guba. Yana lalata wurin numfashin kifi, yana kashe ƴan mitsi-mitsin tsire-tsiren da ƙananan kifaye suke ci.

Amma ruwan yana da abin da yake kare su. Idan aka jiƙa ganyen shayi, ruwa yakan yi ja, ko an tace shi launin ba ya fita. Haka ganyen itatuwan bakin tabki da matattun ciyayi suke yi in sun ruɓe: wani sashensu yana narkewa cikin ruwa. Wannan narkakken abu yana kama jan ƙarfe ya riƙe gam, kamar yadda ƙaguwa take riƙe abu da hannunta. Wanda aka kama ba ya shiga jikin halittu da sauƙi. Wanda yake sake shi ne mai cutarwa. A saman teku, fiye da kashi 99 cikin 100 na narkakken jan ƙarfe a kame yake.

Sai dai hannuwan suna da iyaka. In aka ci gaba da zuba datti, sai su cika, sauran jan ƙarfen ya zauna a sake. Wani kuma ya kwanta cikin laka, inda kawa da ƙaguwa suke neman abinci, masunta kuwa su kai su kasuwa.

Tambayoyi
1. Ta wace hanya jan ƙarfe yake shiga tabkin Ebiriye?
2. Me ya haɗa ruwan shayi da ruwan tabki?
3. Yaushe jan ƙarfe yake cutar da kifi?